Tabon Tut

A kwarin Bartang, inda dutse ya fi ƙasar noma yawa,
kakata Savribegim na da bishiyar tut uku.
Biyu farare ne, na cika ciki.
Ta ukun baƙa ce, ta duƙa kamar mai neman allura,
ita ba a hawanta da takalmi.

In zafi ya kama, mu huɗu kan riƙe kunnuwan bargo,
Nazarsho ya hau ya girgiza.
Fararen a shanya a kan soro, a niƙe su gari,
su ne hatsinmu ranar da hanya ta toshe.
Baƙaƙen kuwa tukunya ce rabonsu.
Takan tsaya kansu tun hantsi har inuwa ta haye kogi,
tana juyawa, ba ta tanka wa kowa,
sai ruwan ya yi kauri, ya ƙi sakin cokali.

Shekarar da maƙogwarona ya kumbura,
yawu ma ya koma tsakuwa,
likita na bayan tsauni,
tsaunin na ƙarƙashin dusar ƙanƙara.
Ta zaro kwalba daga bayan murhu.
"Kada ka haɗiye da gaggawa," in ji ta.
"Baƙo ne, bar shi ya zauna tukuna."
Tsami, zaƙi, ɗan ɗacin hayaƙi.
Kwana uku na nemi burodi da bakina.

Ganyen takan dafa wa Davlatbek mai ciwon suga,
ta kuma yi masa faɗa in ya bar ƙwayoyin asibiti.
Mai tari, ɓawon saiwa.
Gefe ɗaya take tonawa, kaɗan,
ta mayar da ƙasa da tafin hannu,
ta ba bishiyar haƙuri.

Bara ta tafi, tun 'ya'yan na kore.

Bana ni na riƙe cokali.
Na bar wuta ta yi yawa, rabi ya kama gindin tukunya.
Ban san lokacin saukewa ba,
ashe ban taɓa tambaya ba.

Hannuna ya rine har wuyan hannu.
Ita ta koya mini: tabon nunanne,
ɗanye ake murzawa ya fita.
Na tsinko ɗanyu biyu.
Na juya su a tafina, na daɗe,
sannan na jefa wa kaji.

Da asuba na hau motar Khorog,
yatsuna baƙi ƙirin a kan gwiwa.