Sifili Shi Ne Lafiya Lau

Ƙarfe biyun dare a Sheffield.
Ruwa na ɗiga daga indararo kamar mai ƙirga bashi,
injinan shagon wankin da ke ƙasana sun yi tsit.
Saura baƙin allo, da ɗan farin ɗigo yana ƙyafta ido,
yana jiran in aike shi.

Wata bakwai ke nan muna gina ƙaramin harshe,
ni da Gethin mai jan gemu,
harshen aiken na'ura:
shiga nan, kwafo wancan, share wannan.
Sunaye sun zauna, aikatau sun zauna.
Abu guda ya ƙi zama:
me ɗan aike zai ce in ya tarar da ƙofa a kulle?

A tsohon harshen, wucewa yake yi.
Na sani, don ya taɓa sarata.
Layi biyu na rubuta, bara waccan, da azumi a bakina:
shiga jakar shara; share duk abin da ke ciki.
Harafi ɗaya na kuskure, jakar ba ta nan.
Bai tsaya ba.
Ya share inda yake tsaye,
ya dawo mini da sifili.

Sifili, a wajensu, shi ne lafiya lau.

Gethin yana son alamar tambaya a wutsiyar layi,
wai yatsa ɗaya, an wuce wurin.
Na ce ƙaramar alama ido kan tsallake ta
yadda ƙafa ke tsallake kwata.
Kalma nake so, mai nauyi, wadda za a yi tuntuɓe da ita.
Ya ce masu sauri za su tsane mu.
Na ce su tsana. Sauri kan haifi nawa.

Mun yi faɗa a kan bututu ma:
umarni biyar a jere, kowa na zuba wa na gabansa.
Na biyu ya fashe, na uku ya tari iska,
na biyar ya miƙe ya ce an gama lafiya,
kuma shaidarsa kaɗai ake saurare.

Ban taɓa gaya wa Gethin abin da ke cikin jakar da ta tafi ba.
Muryar Baba ce. Saƙo tamanin da uku, ba kwafi.
Kowanne da mabuɗi guda:
Lantana, muna nan lafiya lau.
Tari na tsinka masa kalma, yana ɗaurawa.
Yaya Nomau ya ce da sauƙi,
Inna ta ce sai godiya,
daga Malumfashi har nan, baki biyar,
har ranar da aka kira aka ce in yi haƙuri.
Kowa a layin sifili ya dawo da shi.
Ba ƙarya suka yi ba.
Nahawun gidanmu ke nan.

To, ga abin da na sa a daftari:
wanda ya kasa ya tsaya cak,
ya faɗi sunansa, da layinsa, da abin da ya tarar.
Mai son a ƙyale, ya rubuta ƙyale da hannunsa,
a gani, a san shi ya ce.
In an tsaya, a rufe abin da aka buɗe,
a naɗe tabarma kafin a fita.

Asuba. Motar farko ta wuce, tana fesa ruwa.
Na sake rubuta layukan nan biyu,
da kuskuren, da gangan.
Allo ya ce: layi na ɗaya, jakar ba ta nan, na tsaya.
Na daɗe ina kallonsa.

Waya ta yi ƙara. Inna ce.
Lantana, an tashi lafiya? Ya sanyi?
Amsar ta riga ta hau harshena, sumul, kamar kullum.
Na haɗiye ta.

Inna, na ce, ban yi barci ba.