Yaren da Ba Shi da Gona

Mijina Nomau, yare biyar ne a bakinsa:
Hausar Adar da ya sha a nono,
Zabarmanci don cinikin Katako,
Faransancin lakwal mai tabon bulala,
ɗan Filatanci, ɗan Buzancin gaisuwa.
Duk ba su ishe shi ba,
sai da ya jajibo na shida,
wanda aka zauna aka ɗinka kamar riga,
hannu daga wannan ƙyalle, wuya daga wancan.

Isperanto, in ji shi.
Na ce, mutanensa a ina suke noma?
Ya ce ba su da gona.
Na ce, to ina suke binne nasu?
Ya yi dariya, ya ci gaba da fifita gawayin shayi.

Daren Laraba, in kuran bai yanke ba,
sai ya jingina salula da gwangwanin sukari,
muryoyi su cika mana tsakar gida a Harobanda:
wata tsohuwa mai tari daga Barazil,
wani direban jirgin ƙasa daga Koriya,
wani yaro a Lome da ke tuntuɓe kan kowace kalma,
su jira shi, ba mai ko gyaran murya.
Saini maƙwabci yakan leƙo ta katanga:
"Nomau, aljanun naka sun iso?"

Ni dai ina tsinkar zogale, kunne na can.
Yare ne fes, kamar kwanon da ba a taɓa ci a ciki ba.
Da jinsa ba a taɓa zagin jaki da shi ba,
ba a taɓa taya tumatir an ce albarka ba.
Ya ce shi ya sa yake son sa:
ba ɗan gari, ba baƙo,
ba mai ce maka bakinka na ƙauye ne.
"A Faransanci kullum ɗan haya nake, Barira.
Wannan kuwa adashi ne, kowa ya zuba."

Sai damina ta yi halinta.
Gulbi ya fasa tudun tsaro cikin dare,
ya shigo ba sallama, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu.
Kwana tara muka yi a ajin lakwal
mu da awaki da jiƙaƙƙun tabarmi.
Kayensa na kalmomi, shekara huɗu ta shuɗin bik,
ya koma kunu.

Ran da aka samu caji wurin mai gurup, dala ashirin,
salula ta yi ta karkarwa kamar mai masassara.
Saƙo talatin da ɗaya.
Tsohuwar nan, tarinta ya ƙaru,
tana kiran sunansa tana karya shi gida uku,
sannan ta kira nawa.
Ban san ya gaya musu sunana ba.

Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma na gane.
Jaje jaje ne, ko a wane kwano aka kawo shi.

Na ce, yaya suke ce wa ruwa?
Ya ce, akvo.
Ɗan abu haka shi ya cinye mana katanga?
Yaya ake mun gode?
Dankon.
Yaya ake sai hamdala?
Ya sosa ƙeya, ya dubi allo, ya dubi awaki.

Na ce miƙo.
Na danna, na ce dankon,
sauran kuwa na zuba mata da Hausa,
da buhun geron da ya tsiro, da akuyar da ba mu gani ba,
har cajin ya ƙare.

Yanzu muna Lazare, ɗaki ɗaya, haya.
Ya sayi sabon kaye, ya koma shafin farko.
Larabar jiya, bayan lisha,
ina kwashe tuwo na ji direban Koriya
ya cika baki, ya tattaro ƙarfinsa duka:
"Barira, ina kwana?"

Taurari reras bisa kanmu.
Ban gyara masa ba.
Na goge hannu da zane, na matso kusa,
na ce, lafiya lau, ina gajiya?