Adireshi na Biyu

Wuta ta dawo bayan lisha,
fanka ta yi tari sau biyu, ta kama juyi.
Na jawo kujera gaban na'urar ƙungiya,
ni Barmo, magatakardan 'yan aya na Maraɗi,
na zo in ɗaure wa wayata baki.

Kwana tara tana kuka
kamar jar akuyar da aka raba da 'ya'yanta:
buhu ya hau, buhu ya sauka,
mota ta kwana a Ɗan Isa,
wani daga Jibiya na tambayar kuɗin da ya riga ya sani.
Jiya Laure ta ce, ko ita ko wayar a ɗakin nan.

Shafin ya shimfiɗa mini ƙananan gidaje
kamar gurabun dara.
Nan take? Sau ɗaya a yini? Ko a tara maka sai Juma'a?
Tallace-tallace, na rufe.
Gaisuwar banki, na rufe, ba ta taɓa ƙara mini dala ba.
Farashi, na ce da hantsi,
in na sha koko zuciya ta iya ɗauka.
Daga goma na dare zuwa kiran asalatu
na zana shiru.
Ban san ana zaɓar shiru da ɗan yatsa ba.

Sai can ƙasa, inda ban taɓa sauka ba:
Inda za a riƙa kai saƙo.
Na farko nawa.
Na biyu, Tsahiru.

Shi ya buɗe mana wannan asusu,
yana dariya, yana ɓare gyaɗa a kan madannai,
har yau harafi ɗaya na maƙalewa.
Damina biyu ke nan da muka kai shi,
ranar da Gulbi ya cika har ya taɓa gonakin Tibiri.

Ashe duk buhun da aka auna, an gaya masa.
Duk bashin da Alhaji Nomau ya ƙi biya, ya ji.
Saƙo na ta taruwa a akwatin da ba mai mabuɗinsa,
kamar rumbun da aka manta a daji
hatsi na shiga, ba mai ɗiba.

A cire wannan adireshi?
E. A'a.

Kabu-kabu ya wuce, karen maƙwabta ya amsa.
Na daɗe, kibiyar na rawa a tsakani.

Na bar masa nasa a nan take.
Shi dai bai taɓa son a ba shi labari ya huce ba.

Na danna Adana.
Wayata ta yi ƙara sau ɗaya, ta ƙarshe:
an aika tabbaci ga mutum biyu.