Tawada a Babban Yatsa

Gado na shida, kusa da taga,
a likitar Tawa, ɗakin tsofaffi,
can Baba Arzika ya kira ni da ido.
Ya ce, "Sahiya, ɗauko biro.
Yau bakina yana tare da ni,
gobe ban sani ba."

Shekara talatin da ɗaya yana jan babbar mota,
albasar Galmi zuwa Abijan.
Yanzu huhunsa tsohuwar taya ce,
ana hura mata iska tana saki.

"Rubuta: kada a kai ni Yamai.
Na san hanyar nan kamar yunwar cikina,
Konni, Dogon Dutsi, Doso,
kowane rami mun gaisa da shi.
Ba ni mutuwa a bayan ambulans
wani yaro na taka mini birki ba dalili.

Rubuta: ban da tiyo a hanci.
In haɗiya ta ƙi, a tsoma auduga cikin fura
a shafa mini a leɓe.
In zuciya ta tsaya, tasha ta iso,
kada a taru a kan ƙirjina
kamar masu turin mota.
Maganin ciwo kam a ba ni,
ni ba jarumi ba ne."

Takardar da Faransanci take,
ƴan akwatuna, i ko a'a.
Babu akwatin fura.
Babu akwatin a bar taga buɗe
don ya ji ƙarar motoci masu sammako.
Na matse su a gefe, da Hausa.
Dokta Ilyasu ya karanta har sau biyu,
ya tambaye shi ranar yau da sunan garinsu,
sannan ya sa hannu.
Baba ya danna babban yatsa a tawada.

Da dare waya ta shigo daga Abijan.
"Ko nawa ne zan aiko, ku sa masa komai!
Me mutane za su ce da ni?"
Na kara wa tsoho a kunne.
"Nomau, rai na Allah ne.
Ban ce a kore shi ba,
cewa na yi kada a tare masa ƙofa.
Kuɗin, ka sai wa gwaggonka hatsi."
Suka yi shiru tare har kati ya ƙare.

Kwana biyar ya ƙara.
Ya kurɓi shayi, ya yi gardamar kokowa
da mai gado na bakwai, ya kuma ci.

Daren Laraba numfashi ya fara tsallake.
Sabon anfirmiye ya zabura zai jawo inji,
na riƙe masa hannun riga.
Ni ma jikina rawa yake.
Shekara sha biyu ana koya mini gudu,
ba wanda ya koya mini tsayuwa.

Tsahara, ƴar autarsa, ta tsoma auduga,
tana maimaita masa kalmar shahada a hankali
kamar mai lallashin jinjiri.
Can nesa wata mota ta canza giya.

Da na zo miƙe masa hannuwa
sai na ga shuɗi-shuɗi a gefen farce,
sabulun kwana biyar bai fitar ba.

Yau wani ne a gado na shida,
tsohon tela, mai karayar ƙugu.
Ya ce sanyi yake ji, in rufe tagar.
Na rufe.