Ƙafa Ba Ta Ganin Bayan Dutse

Wuta ta ɗauke a Domayo,
kwamfuta na jan sauran numfashinta,
ni kuma ina kiwon ɗigo ɗaya tak a kan allo
tun bayan lisha.

Makaho ne ɗigon nan.
Abu guda ya iya tambaya:
nan da nake tsaye, ina ƙasa ta karkata?
A faɗa masa, ya gusa kaɗan,
sai in ɗan girgiza shi da gangan
don kada ya sami rami ya ce ya iso gida.

Ai ba rami mafi zurfi na aike shi nema ba.
So nake ya zaga ƙasar duka,
ya daɗe inda nauyi ya taru,
ya leƙa inda babu kowa, gwargwadon rashin kowan,
ya dawo mini da labarin da ba son kai.

In na faɗaɗa masa taki, ya tsallake kwazazzabo bai sani ba.
In na rage, gari ya waye yana bakin ƙofa.

Da rana Malam Njidda ya tsaya gaban aji,
alli har gwiwar hannu, ya ce:
"Ku daina zargin na'ura.
Ku kawo dabarar da kuka ga dama,
har wadda ba a haifi mai ita ba.
Muddin gangara kaɗai take tambaya,
zan gina muku ƙasa biyu
masu kama ɗaya a duk inda kuka taka,
bambancinsu na can inda ba ku je ba.
Ƙasa da tambaya kaza, ba mai rabe su."
Ya ja layi ƙarƙashin adadin,
allin ya karye.

Na ji haushi. Wata bakwai ina neman yanke.

Yanzu a duhu na tuna Baffa Garga,
ranar da akuyarsa ta ɓata gindin dutsen Mindif.
Dare, ba wata, ba tocila,
tafin ƙafarsa ke karanta masa hawa da sauka.
Ya shafe wannan kwari tas, kowace ƙaya ta san shi,
akuya na ɗaya kwarin tana tuƙa.
Da aka yi masa dariya da safe
cewa ya yi, "Ƙafa na aika, ba shaho ba."

Saura kashi huɗu a batir.
Ɗigona na nan yana dawurwura a kwari na farko,
tudun tsakiya ya fi ƙarfin girgizata.
Zai haye, lissafi ya ce zai haye,
bai dai ce yau ba.

Na jawo takarda, na kwafe adadin Malam,
na rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe:
kuɗin hanya.
Wani babur ya bi ta gadar Mayo Kaliyawo,
fitilarsa ta share bangon ɗakina ta wuce.