Hannun Mai Shayi

Tasi'u ɗan gidan Malam Ɗanlami ne.
Na san shi tun yana dangwalar sukarin teburina
yana ɓoye yatsa a baki.
Sai ga shi ya dawo Ƙofar Marusa da malafa,
mutum bakwai a bayansa,
wayoyi na jan ƙasa kamar igiyar guga,
wai shi ne darakta.

Ya ce, Baba Ilu, aron teburinka muke so,
da kai kanka, in ba ka ƙi ba.
Na ce, tebur na haya ne, ni kuwa kyauta,
amma a tuna da bashin burodin bara waccan.

Magana ɗaya aka ba ni:
"Ai ya tafi tun jiya."
Ni da na shekara talatin ina sayar da shayi da baki,
sai ga harshe ya yi nauyin turmi.

Shafa'atu ce mai ɗaukar sauti.
Ta rataya mini wata gora mai kan kyanwa bisa ka,
ta rufe ido tana jin abin da ba ma ji.
A na farko zakaran Inna Dije ya sa baki.
A na huɗu injin markaɗe.
A na tara wani ɗan acaɓa ya ja birki
yana tambaya ko rabon wani abu ake.
A na sha biyu janareto ya yi tari ya mace,
aka tura yaro da galan.

Sau goma sha tara na ce ya tafi tun jiya,
har na fara kewar mutumin,
ban kuwa san ko wane ne ba.

A bakin yaransa na ji sauran:
babur ɗinsa ya sayar,
yayarsa Barira ta ɗora masa kwasar adashinta.
Jarumin ma, mai takalmi kamar madubi,
ƙwai biyu ya ci a wurina, bashi.

Wata huɗu shiru.
Aka ce yana wani ɗaki a Sabuwar Unguwa
yana yanka yana ɗinki kamar tela
a kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
in an kawo wuta.

Jiya bayan isha ya zo,
ya zauna can ƙarshen benci yana sosa ƙeya.
Baba, maganarka ba ta shiga ba, fim ya yi tsawo.
Na ce, to, ita ma ta tafi ke nan.
Ya miƙo waya.
Ga tallan, Juma'a ta sama za a saki.

Na ga ganuwa, na ga mota, na ga wata tana kuka.
Sai hannu.
Ba fuska, ba hula, hannu kawai,
ya ɗaga kofi sama
shayi na sauka zare guda zuwa ɗan'uwansa,
ko ɗigo bai ɓace ba.
Tabon ƙuna a gindin babban yatsa,
jijiyoyi sun taso kamar saiwar bedi.

Hannun babana ne.
Haka yake sheƙa mana kunu ya huce
a zauren da ruwa ya cinye.
Mutumin da ya bar duniya bai tsaya gaban mai hoto ba,
ga shi a tafin Tasi'u, daƙiƙa huɗu.

Na ce, mayar baya.
Ya mayar.
Na ce, sake.
Ruwa ya ƙone a tukunya, masu jira suka gaji suka tashi.

Da ya tafi na jawo littafin bashi,
na lashi bakin biro, na ja layi a kan burodi.
Ƙwan jarumi dai yana nan.