Ɗan Lidon Labbo

Jiya ina neman allura a gwangwanin madara
sai ga ɗan lidon Labbo,
ya yi jajir don tsufa, ɗigon biyar ya koma huɗu.
Na damƙe shi, Yawuri ta dawo.

Shagon Nomau tela, bayan tashar kwalekwale.
In an idar da lisha, an lulluɓe keke da buhu,
sai mu baje tabarma, fitilar ƙwai a tsaka,
taswira a bayan tsohuwar kalanda:
ga dajin da ba a shiga da takalmi,
ga birnin ƙarƙashin ruwa mai ganuwa bakwai,
ga inda man ƙosai ya ɗiga, Labbo ya ce tafki ne,
tafki kuwa ya zama.

Labbo ke riƙe da duniya.
In ya ce hadari ya haɗo, sai mu ji sanyi.
Ya rage murya: "Kun iso mararraba. Me za ku yi?"
Da rana ba mai yi mana wannan tambaya.

Ni ne maƙeri, ni da ko gawayi ban iya hurawa ba.
Arzika maharbi, kibiya uku aka ba shi,
ya ɓatar da biyu a kan gwaggon biri.
Magawata mai in'ina shi ne maroƙinmu,
kuma a cikin wasa harshensa bai taɓa sarƙewa ba.
Kulu ƙanwar Nomau daga bayan labule take jefo shawara,
har ran da ta ce a yago mata takarda ita ma.
Ta zama matuƙiya, ta fishe mu sau tara.

Aka kai ƙara wai caca muke.
Malam Tukur ya zo da sanda, ya ɗaga tabarma,
ko sisi bai gani ba.
Ya tsaya yana hararar mu
har labari ya kai bakin rijiyar dodo,
sai ya ce, "To ku ɗaura igiya mana, 'yan banza!"
Da igiyar malam muka sauka.

Shekara uku muna tafiya, ba mu wuce ƙofar shago ba.
Daren ƙarshe mun isa ganuwa ta bakwai,
mai ya ƙare a fitila,
Labbo ya ce a bari sai Alhamis.
Ran Laraba takardar soja ta zo.

Arzika na can Kwatano da buhunan albasa.
Kulu ungozoma ce a Zuru.
Magawata na jan tirela, in'inarsa ta dawo.
Idon Nomau ya daina ganin kafar allura,
shagon yanzu cajin waya ake yi.
Labbo kuwa, jakarsa aka kawo.

Na duba cikinta da kaina, Allah ya gafarta mini,
ko ya rubuta abin da ke bayan ƙofar.
Sabulu, carbi, hoton uwarsa.

Jiya dai na jefa ɗan lidon a kan siminti.
Shida.
Shida ke buɗe ƙofa, kowa ya sani.
Ɗana ya ɗago daga wayarsa, ya ce, "Baba, ka ci?"

Me zan ce masa?
Muna nan tsaye tun wancan dare,
maƙeri, maharbi mai kibiya ɗaya, maroƙi, matuƙiya,
kogi na wucewa bisa kanmu,
muna jiran Alhamis.